Tsakanin musayar kwantiragi da karɓar makulli: jagora ga mai sayen gida a Ingila da Wales

A Ingila da Wales cinikin gida yana da ranaku biyu masu nauyi, amma yawancin masu saye hankalinsu yana kan ta biyun ne kawai. Ta farko ita ce ranar musayar kwantiragi, wato ranar da lauyan mai saye da na mai sayarwa suke tabbatar wa juna, galibi ta waya, cewa kowane ɓangare ya sa hannu a kwafinsa, a rubuta kwanan wata, a kuma biya kuɗin kafin alƙalami. Ta biyu ita ce ranar kammalawa, lokacin da ragowar kuɗi ke shiga asusun lauyan mai sayarwa, dillali kuma ya miƙa makulli. Kafin musaya kowa na iya fasawa ba tare da ya biya ɗayan ko sisi ba, domin dokar kadarori ta 1989 ta ce cinikin fili ko gida ba ya ɗaure kowa sai an rubuta shi an sa hannu. Da zarar an yi musaya kuwa, babu fita sai da asara. Tazarar da ke tsakani takan kasance mako ɗaya zuwa huɗu, kuma a cikinta mai saye yana ɗauke da nauyin gidan da bai riƙe makullinsa ba. Tsarin Scotland daban yake, saboda haka abin da ke nan bai shafe ta ba.

Mataki na farko: ka san abin da za ka ɗaure kanka da shi

Kusan duk cinikin gidan zama ana gina shi ne a kan kundin sharuɗɗan sayarwa na bai-ɗaya, bugu na biyar na 2011 wanda aka yi wa gyara a 2018, sannan lauyoyi su ƙara nasu sharuɗɗan na musamman. Ka nemi lauyanka ya nuna maka inda aka sauya wani abu daga kundin, domin a nan ne ake samun abin da zai ba ka mamaki daga baya. Kundin ya sa kafin alƙalami ya zama kashi 10 cikin ɗari na farashi. A gidan fam 300,000, fam 30,000 ke nan. Ana iya sasantawa a karɓi kashi 5, kuma ana yin haka sosai, sai dai kada ka ɗauka cewa asararka ta ragu: idan ka kasa kammalawa aka aiko maka da sanarwar wa'adi, wato takardar da ke ba ka kwanakin ƙarshe na kammalawa, kundin ya wajabta maka cike gurbin nan take har ya kai kashi 10.

Asarar ma ba ta tsaya nan ba. Mai sayarwa yana da ikon riƙe kafin alƙalami, ya sake sayar da gidan, sannan ya bi ka diyya idan farashin ya faɗi. A wata shari'a da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2013, an ƙulla cinikin gida a kan fam 605,000 a 2008, mai saye ya kasa kammalawa, kasuwa ta rushe, darajar gidan ta sauko zuwa fam 495,000, kotu kuma ta amince a auna diyya da wannan faɗuwar. Sashe na 49 na dokar kadarori ta 1925 ya ba kotu ikon umartar a mayar da kafin alƙalami, amma alƙalai ba sa yin amfani da shi sai a yanayi na musamman ƙwarai, kuma ban ga hikimar mutum ya dogara da shi ba.

Mataki na biyu: kuɗi su kasance a hannu kafin musaya

A nan ne mafi yawan bala'in yake faruwa, don haka zan daɗe a kai. Kwantiragin bai damu da inda za ka samo kuɗi ba. Ko banki ya janye, ko wanda ya yi maka alkawarin gudummawa ya saɓa, kai ne za a tuhuma.

Ka fara da takardar tayin bashi daga banki. Amincewar farko da ake bayarwa kafin a duba gida ba tayi ba ce, kuma bai kamata a yi musaya a kanta ba. Tayin gaskiya yana da wa'adi, galibi wata uku zuwa shida, saboda haka ka duba ranar ƙarewarsa ka tabbata ranar kammalawa ta faɗo a ciki da rata mai kyau. Ka karanta sharuɗɗan da aka jingina masa, kamar biyan wani tsohon bashi ko gyara rufi, ka cika su tun kafin musaya. Banki yana da damar janyewa idan halinka ya sauya sosai ko ya gano an ba shi bayanin da ba daidai ba, kuma wasu bankuna sukan sake duba tarihin bashinka daf da sakin kuɗi. Idan ka ji ƙishin-ƙishin rage ma'aikata a wurin aikinka, ko izinin zamanka ya kusa ƙarewa, ka warware wannan tukuna. Gara ka rasa gidan tun ba ka ɗaure kanka ba.

Wanda ya bi tsarin sayen gida na Musulunci, inda banki ke sayen gidan tare da shi ya riƙa biyan haya yana sayen kason bankin a hankali, ya sani cewa galibi bankin yana da nasa lauyan daban, kuma kowace takarda tana bi ta hannu biyu. Ya tambayi lauyansa tun da wuri sunan wa zai kasance a kwantiragi, da kwanaki nawa bankin ke buƙata kafin ya saki kuɗi, sannan a sa ranar kammalawa daidai da haka.

Sai kuɗin da zai fito daga aljihunka. Idan wani ɓangare yana zuwa daga Najeriya, Nijar ko Ghana, wataƙila ka sayar da fili ko iyaye za su taimaka, shawarata ita ce ya iso asusunka a Birtaniya, a matsayin fam, kafin musaya. Dalilai biyu ne. Na ɗaya shi ne canji: kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500, kuma wanda ya ƙulla ciniki da fam alhali dukiyarsa tana naira ya ga rabinta da ƙari ya narke. Na biyu shi ne ƙa'idojin hana halasta kuɗin haram na 2017, waɗanda suka tilasta wa lauya sanin asalin kowane kuɗi. Zai nemi takardar cinikin filin, bayanan asusu na watanni, shaidar wanda ya ba ka kyauta, da wasiƙar da ke cewa kyauta ce ba rance ba. Kuɗin da ya biyo ta hannun ɗan canji ya faɗo daga asusun mutumin da ba ka sani ba, lauya zai iya ƙin karɓarsa, kuma yana da gaskiya. Haka kuɗin adashi: halal ne, amma sai an nuna sawunsa a rubuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haraji ma yana cikin lissafi. A Ingila ana biyan harajin sayen gida cikin kwana 14 da kammalawa, amma lauya zai karɓe shi daga hannunka tun kafin ranar. Abin da ke kama mutanenmu shi ne ƙarin da ake ɗora wa mai gida na biyu, wanda ya tashi daga kashi 3 zuwa kashi 5 a ranar 31 ga Oktoba, 2024. Gidan zama da ka mallaka a ko'ina a duniya yana shiga lissafi muddin darajar kasonka ta kai fam 40,000, ko a Kano yake ko a Abuja, sai dai idan gidan da kake zaune ne kake maye gurbinsa. A gidan fam 300,000 ƙarin ya kai fam 15,000. Rangwamen masu sayen gida na farko shi ma ba ya samun wanda ya taɓa mallakar gida a wata ƙasa, ko da gado ne. Akwai kuma ƙarin kashi 2 tun daga Afrilun 2021 a kan wanda bai cika kwana 183 a Birtaniya ba cikin shekarar da ta gabaci cinikin. Ka faɗa wa lauyanka gaskiyar abin da ka mallaka kafin musaya. Wales tana da nata harajin daban tun 2018.

Idan kana da Lifetime ISA, wato asusun ajiyar da gwamnati ke yi wa ƙari don sayen gida na farko, lauya ne ke neman a saki kuɗin, abin yana ɗaukar makonni, kuma ana son a kammala cikin kwana 90 bayan sun iso hannunsa.

Mataki na uku: inshora ta fara aiki ranar musaya

Mutane da yawa ba su yarda da wannan ba sai sun gani a rubuce. A ƙarƙashin bugu na biyar na kundin, haɗarin gidan yana komawa kan mai saye daga lokacin musaya, kuma a yawancin hali ba dole ba ne mai sayarwa ya ci gaba da riƙe inshorarsa. Idan gobara ta cinye gidan, ko ambaliya ta shiga, ko bututu ya fashe da sanyi ya jiƙa rufi, wajibi ne ka biya cikakken farashi a ranar da aka sa. Banki kuma ba zai so ya ba da bashi a kan toka ba.

Saboda haka ka nemi farashin inshorar gini tun ana saura makonni, ka shirya ta fara aiki a ranar musaya. Adadin da za a rubuta shi ne kuɗin sake gina gidan, wanda ya bambanta da farashin kasuwa, kuma yakan fito a rahoton mai duba gini. Ka gaya wa kamfanin cewa ba ka tare ba tukuna, kuma idan gidan babu kowa a ciki ka bayyana, domin yawancin inshora tana taƙaita kariya bayan kwana 30 ko 60 na zama fanko. Gidan da ya taɓa tsagewa saboda zaftarewar ƙasa, ko yake yankin ambaliya, samun inshorarsa yana da wuya, kuma tsarin Flood Re da aka fara a 2016 don sauƙaƙa inshorar gidajen yankin ambaliya bai haɗa da gidajen da aka gina daga 2009 ba. Irin wannan labari ana son jin sa kafin musaya. A ɗakunan bene masu hayar dogon zango, inda haƙƙin zama na shekaru masu yawa ake saye ba ginin kansa ba, galibi mai ginin ne ke riƙe da inshorar duka, a sabon gini kuma kamfanin da ke ginawa, amma lauya ya tabbatar maka a rubuce.

Mataki na huɗu: wa ke riƙe da kafin alƙalami

Hanyar da ta fi tsaro ita ce lauyan mai sayarwa ya riƙe kuɗin a matsayin amana tsakanin ɓangarorin biyu har ranar kammalawa. Kundin ya yarda da keɓancewa guda: mai sayarwa zai iya amfani da shi ya biya kafin alƙalamin gidan da shi ma zai saya ya zauna, ta haka kuɗinka yake hawa sama a jerin cinikin, wato jerin masu saye da sayarwa da cinikin kowannensu ya rataya a kan na wani. Wannan al'ada ce, kuma a ƙarshen jerin ana riƙe shi amana. Abin tsoro shi ne sharaɗin da ke cewa lauya zai riƙe shi a matsayin wakilin mai sayarwa, domin ma'anarsa ana iya miƙa masa nan take, idan kuma ya karye sai ka shiga layin masu bin bashi. Kamfanonin gini suna son wannan sharaɗi. Idan ba makawa, ka tabbata akwai garanti irin na NHBC, kamfanin da ke ba sababbin gidaje garanti, wanda ke kare kashi 10 na farashi ko fam 100,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta, idan kamfanin ya durƙushe. A sabon ginin da ba a gama ba, tazarar tana iya kai watanni masu yawa har tayin bashi ya mutu, don haka ka dage a sa ranar ƙarshe wadda idan ta wuce za ka iya fita a mayar maka da kuɗinka.

Mataki na biyar: zaɓen rana

Idan ba a rubuta rana ba, kundin ya ce ranakun aiki 20 bayan musaya. A ganina mako ɗaya zuwa biyu ya fi dacewa ga yawancin mutane: ya isa lauya ya nemi kuɗi daga banki, wanda kan so sanarwar kusan ranakun aiki biyar, ya isa a kama motar kwasar kaya, kuma bai ba ƙaddara fili mai faɗi ba. Ana iya yin musaya da kammalawa rana ɗaya, wanda ke kawar da haɗarin tazara gaba ɗaya, amma sai ya bar ka da kaya a ɗaure alhali ɗayan ɓangaren yana da ikon fasawa har safiyar ranar. Ya fi kyau ga gidan da babu kowa ciki kuma babu jerin ciniki.

Juma'a ce ranar da aka fi so, kuma ita ce na fi ba da shawarar a guje wa. Ofisoshin lauyoyi a cike suke, kuma idan kuɗi ya makara ranar aiki ta gaba ita ce Litinin, ko Talata idan akwai hutun banki. Ka kuma kula da ranar da dokar haraji za ta sauya, domin ranar kammalawa ake dubawa: wanda ya sayi gidan fam 300,000 ba a matsayin mai sayen farko ba, ya zame daga 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu, 2025, harajinsa ya tashi daga fam 2,500 zuwa 5,000. Mai zaman haya kuma kada ya ba mai gida sanarwar tashi sai an yi musaya, ko da hakan zai sa ya biya wuri biyu na ɗan lokaci.

Mataki na shida: zaman jira

Daga musaya zuwa makulli, kada ka taɓa komai a harkar kuɗinka. Kada ka ɗauki mota bashi, kada ka sayi kujeru da firji a tsarin biya daga baya, kada ka ajiye aiki ko da wanda za ka koma ya fi albashi.

Babbar barazanar wannan lokaci ita ce 'yan damfara. Sukan kutsa cikin imel ɗin lauya, dillali ko naka, su yi shiru suna karantawa har ranar biya ta matso, sannan su aiko da saƙo mai kama da na lauya sak, cewa an sauya lambar asusu. Ka karɓi lambar asusun lauyanka tun farkon aiki, a takarda ko ido da ido. Kafin ka tura kuɗi ka kira ofishin ta lambar wayar da ka sani tun da, kada ka yi amfani da wadda ke cikin saƙon, ka tura kuɗi kaɗan a tabbatar sun isa, sannan ka tura sauran. Idan bankinka ya nuna sunan asusun bai dace ba, ka tsaya. Tun 7 ga Oktoba, 2024 an wajabta wa bankuna mayar wa wanda aka yaudara kuɗinsa, amma iyakar ita ce fam 85,000, akwai sharuɗɗa, kuma bai shafi kuɗin da aka tura ƙasar waje ba. Ko an mayar ma, ranar kammalawa ba za ta jira ba. Ka kuma tambayi bankinka iyakar abin da za ka iya turawa a rana, domin kuɗinka ya kamata ya zauna a asusun lauya aƙalla kwana ɗaya kafin ranar.

Mai sayarwa yana da wajibin kula da gidan gwargwadon hankali har ya miƙa shi, kuma dole ya bar duk abin da ya ce zai bari a takardar TA10, wato jerin kayan gidan da za a bari da waɗanda za a ɗauke. Ka nemi dillali ya kai ka ka duba gidan kwana ɗaya ko biyu kafin kammalawa. Ka ga ko an cire abin da aka ce za a bari, ko an tara shara, kuma mafi muhimmanci ko akwai ɗan haya ko ɗan uwa da bai da niyyar tashi. Duk baligin da ke zaune a gidan ya kamata ya sa hannu a kwantiragi cewa zai fita. Ƙorafi kafin kuɗi ya tafi yana da ƙarfi, bayan ya tafi kuwa sai dai kotu. Idan an ba ka izinin shiga ka fara gyara kafin kammalawa, ka sani kana kashe kuɗi ne a gidan da ba naka ba tukuna, kuma tarewa a ciki tana iya sa wa'adin haraji ya fara ƙirga.

Idan abu ya karkace

Jinkirin yini ɗaya ba ya rushe ciniki. Kundin ya ce kuɗin da ya iso bayan ƙarfe 2 na rana ana ɗaukarsa na ranar aiki ta gaba ne, wasu kwantiragin ma sukan sa ƙarfe 1. Wanda ya jawo jinkiri yana biyan diyya ta kowace rana, galibi a kan kashi 4 sama da kuɗin ruwan bankin Barclays. Idan jimlar ta zama kashi 8 misali, a kan ragowar fam 270,000 kusan fam 59 ke nan kullum, ban da kuɗin otal da ajiyar kaya na waɗanda ka tsayar. Wani lokaci laifin ba na kowa ba ne: a ranar 20 ga Oktoba, 2014 tsarin da ke ɗauke da biyan CHAPS, hanyar da lauyoyi ke tura kuɗin ciniki su isa a rana ɗaya, a Babban Bankin Ingila ya tsaya na sa'o'i, masu ƙaura suka yini a bakin ƙofa.

Idan jinkirin ya ci gaba, ɓangaren da ya shirya yana iya ba da sanarwar wa'adi ta ranakun aiki 10, kuma daga nan ko minti ɗaya yana da hukunci. A wata ƙara daga Hong Kong da aka yanke a Landan a 1997, inda kwantiragi ya tsananta lokaci, mai saye ya makara da minti 10 ya rasa gidan da kashi 10 da ya biya. Saboda haka ranar da ka fara jin matsala, ranar za ka kira lauyanka. Ana iya roƙon ƙarin lokaci a rubuce, ana iya neman banki ya tsawaita tayi, wasu sukan ɗauki bashin gajeren zango mai tsada, wanda ba na son kowa ya shiga sai ya ga ƙofar fita a fili.

Idan mai sayarwa ne ya noƙe, kana iya ba shi sanarwa, ka karɓi kuɗinka da diyya, ko ka roƙi kotu ta tilasta masa miƙa gidan. Mutuwa ba ta soke kwantiragi. Idan mai sayarwa ya rasu masu kula da dukiyar da ya bari ne za su kammala, amma sai sun sami takardar izinin gado daga kotu, abin da kan ɗauki watanni. Idan mai saye ne, nauyin yana kan dukiyar da ya bari alhali tayin bashin da aka yi masa ya tafi da shi, dalilin da ya sa ake shawartar mai iyali ya shirya kariyar rai ta fara ranar musaya, ta hanyar da zuciyarsa ta natsu da ita.

Kafin ranar kammalawa, lauya zai shigar da binciken OS1 a Hukumar Rajistar Filaye, wanda ke ba ka fifiko na ranakun aiki 30 ta yadda babu wanda zai riga ka sa bashi ko haƙƙi a kan gidan, zai kuma karɓi alkawarin lauyan mai sayarwa cewa za a biya tsohon bashin da ke kan gidan daga kuɗin ciniki. Ka tambaye shi ranar da fifikon zai ƙare. Ranar kammalawa ka bar wayarka a kunne, kada ka sauke kaya sai lauya ya ce kuɗi ya isa, ka ɗauki hoton mitar wuta, gas da ruwa, ka sauya makullai, sannan bayan mako biyu ka nemi shaidar cewa an biya haraji kuma an shigar da takardar rajista da sunanka kafin kwanakin fifiko su cika.